Taya Ɗaya Ta Fashe, Uku Sun Ci Rabi: Yadda Ake Haɗa Tayoyi a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Ba kasafai tayoyin mota ke mutuwa rana ɗaya ba. Ɗaya ce za ta taka ƙarfe, ko ta faɗa rami gefenta ya tsage yadda faci ba zai riƙe ba, sauran ukun kuwa suna nan da ƙarfinsu, sun ci rabin zanensu ko ma ƙasa da haka. A ƙaramar mota mai ja da ƙafa biyu abin da sauƙi: a sayi ɗaya, a ɗaura, a kama hanya. A mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa, wannan sabuwar tayar da aka saya don a huta tana iya jawo gyaran da kuɗinsa ya zarce na tayoyi huɗun gaba ɗaya. Ƙafafun irin wannan mota a ɗaure suke da juna ta cikin ƙarafa, kuma masu ƙera ta sun yi lissafinsu ne a kan cewa duk girmansu ɗaya.

Sabuwar taya ta fi tsohuwa girma, ko da lambar da ke jikinsu iri ɗaya ce. Ɗauki 265/65 R17, wadda ake yawan gani a ƙarƙashin Hilux da Prado. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 776 ne, kewayenta kuma kusan 2,440, wato tana juyawa kamar sau 410 a kowace kilomita. Idan hanya ta cinye milimita 4 daga zanenta, tsayin ya ragu da 8, tunda sama da ƙasa duk an ci, kewayen kuma ya ragu da 25. Sai tsohuwar ta juya sau 414 kafin ta cinye tazarar da sabuwa ta cinye a 410. Za ka ce ai huɗu ne kawai. To daga Kano zuwa Kaduna bambancin ya doshi juyi dubu, kuma ba iska ke ɗauke shi ba, wani ƙarfe ne a ƙarƙashin motar yake shanye shi. Wane ƙarfe ne, kuma nawa zai iya jurewa, wannan ya danganta da irin motar.

Fara sanin irin motarka

Mu kan kira su duka jif, amma iri uku ne, kuma haƙurinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai waɗanda direba ne ke sa musu giyar taimako da kansa: Hilux, Land Cruiser ƙirar 70 ta masu aikin daji, Nissan Navara, Suzuki Jimny. A kwalta suna tafiya ne a 2H, ƙafar baya kaɗai ke ja, ta gaba tana gungurawa a sake. Da zarar an mayar 4H ko 4L, taransifa ta ƙulle farfelar gaba da ta baya sun zama abu ɗaya, babu mai raba musu gardama. Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, wannan mai dogon taku, wancan gajere: ko dai ɗaya ya riƙa jan ƙafa, ko karkiyar ta ji a jikinta. A rairayi da taɓo taya takan ɗan zame ta zubar da bambancin a ƙasa, ba wanda ya sani. A kwalta kuwa, ko jar ƙasar da ta bushe ta yi tauri, ba wurin zamewa, sai matsin ya taru a cikin farfela da taransifa. Sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa ɗan tsalle a kwana, sandar taimako ta ƙi fita. In ka ji haka kada ka yi mata dukan ƙarfi. Ja da baya 'yan mitoci, ko ka sauka gefen hanya inda ƙasa ke da laushi, za ta saki. Duk da haka waɗannan su ne suka fi kowa jure tayoyin da ba su yi daidai ba, domin yawancin rayuwarsu a 2H suke yin ta.

Sai waɗanda ke ja da huɗu kullum, kamar yawancin Prado da manyan Land Cruiser ƙirar 100 da 200, da 'yan'uwansu Lexus GX da LX. Bayan difarensha ta gaba da ta baya, wato dunƙulen giyoyin tsakiyar aksul da ke ba ƙafar waje damar ta fi ta ciki gudu a kwana, suna da ta uku a tsakiya wadda ke sasanta gaba da baya. Ƙaramin bambanci ba ya tayar mata da hankali. Sai dai an yi ta ne don ta yi aiki a kwana ta huta a miƙaƙƙiyar hanya, tayoyin da ba su yi daidai ba kuwa suna hana ta hutun nan daga tashi har sauka. A Prado 120 da 150 da Land Cruiser 200 akan samu irin da ake kira Torsen, wadda aikinta ya dogara da gogayyar giyoyi, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Idan kuma ka danna makullin tsakiya, motar ta koma irin ta farko.

Iri na uku shi ne ya fi yawa a garuruwanmu, kuma shi ya fi saurin fushi: motocin gida masu tambarin AWD ko 4WD a bayansu, irin su Honda CR-V, Toyota RAV4 da Highlander, Lexus RX, Nissan Murano da X-Trail, da Subaru. Yawancinsu da gaba suke ja, sai sun ji ƙafar gaba ta fi ta baya gudu su ɗauka santsi ne, su kama baya ta hanyar kuloci ko wani ruwa mai danƙo. Matsalar ita ce motar ba ta san bambancin santsi da suɗaɗɗiyar taya ba. A tsofaffin CR-V, waɗanda aka yi kafin 2012, famfo biyu ne a cikin difarensha ta baya, ɗaya yana bin gudun gaba, ɗaya na baya. In na gaba ya fi sauri, matsin mai ya tashi ya kama kuloci. Sa ƙananan tayoyi a gaba, manya a baya, ka ga kulocin yana ta goguwa a kan busasshiyar kwalta ba gaira ba dalili. Lexus RX300 kuma ruwan silikon ne a tsakiyarta, wanda zafi mai yawa ke lalata shi. Land Rover Freelander ta farko, wadda aka yi daga 1997 zuwa 2006, ta yi ƙaurin suna a Ingila a kan wannan: tayoyin da ba su yi daidai ba suna gajiyar da abin haɗin tsakiya, daga nan ɓarnar ta wuce kan giyoyin da ke tura ƙarfi baya. Nissan ma ta tanadi gargaɗi: a Murano da X-Trail, fitilar AWD tana ƙyaftawa a hankali idan girman ƙafafun gaba da na baya ya bambanta da yawa, tana ƙyaftawa da sauri idan man ya yi zafi.

Kafin ka damu kanka, leƙa ƙarƙashin motar tukuna. Highlander da RX da CR-V da dama da ake shigowa da su daga Amurka masu ja da gaba ne kawai. In ba ka ga doguwar farfela ta taho daga gaba zuwa aksul ɗin baya ba, yawancin wannan magana ba taka ba ce. Banda masu haɗa inji da batir, waɗanda wasunsu da lantarki suke juya ƙafar baya ba tare da farfela ba.

A auna, kada a kintata

Mai sayar da taya zai dafa ta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan da naka ai duk ɗaya ne, ido ma ya gani." Ido ba ya ganin milimita biyu. Akwai ɗan ma'aunin zurfin zane da bai kai girman biro ba, ana samunsa wurin masu kayan mota. In babu, tsinken ashana ya isa: tura shi cikin ramin zanen har ya taɓa ƙasa, riƙe daidai bakin robar da farce, ka ɗora a kan rula. Ka kauce wa 'yan tudun nan da ke kwance a cikin ramin, domin su alama ce ta milimita 1.6, iyakar da in taya ta kai ta gama aiki. Auna a ramin ciki da na tsakiya da na waje, a wuri uku ko huɗu a kewayen tayar, ka rubuta. Sabuwar tayar kwalta takan zo da kimanin milimita 8 zuwa 9, ta daji mai manyan zane ta fi haka. In ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, matsalarka ba ta taya ba ce kaɗai, ƙafar tana neman alaimen, kuma sabuwar da za ka saya haka za ta cinye.

Zurfin zane yana faɗin gaskiya ne kawai in tayoyin kamfani ɗaya ne, samfuri ɗaya. Kamfanoni biyu za su buga lamba ɗaya a jikin taya amma ainihin tsayinsu ya sha bamban da 'yan milimitoci. Don haka gwajin alli ya fi. Daidaita iskar duka huɗu da safe kafin su yi zafi, bisa abin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba, da geji, ba da bugun ƙarfe ba. Kai motar shimfiɗaɗɗen wuri, sa sitiyari a miƙe, giya a 2H in tana da shi. Ja layin alli a gefen kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa. Mutum ɗaya ya tuƙa a hankali, wani ya bi yana ƙirga juyin taya ɗaya har goma, a tsaya lokacin da layinta ya dawo ƙasa cif. Sannan a zagaya a duba sauran. Layin da ya tsaya daidai, tayarsa ta dace. Wanda ya wuce ko bai iso ba, a auna tazarar da tef ɗin tela a kan bakin zanen, a raba goma: abin da ya fito shi ne bambancin kewaye. A misalinmu na farko za ka ga layin tsohuwar ya zarce da santimita 25, abin da ko yaro zai nuna maka da yatsa.

Nawa ne ya yi yawa? Littafin motarka shi ne alƙali, in kana da shi. Subaru ita ta fi tsanani: ƙa'idar da aka san ta da ita ita ce kada kewayen tayoyin ya bambanta da fiye da rubu'in inci, kimanin milimita 6, wato santimita 6 a gwajin alli. Shagunan taya a Amurka sukan yi aiki da bambancin zane tsakanin milimita ɗaya da rabi zuwa uku, gwargwadon motar. Ni dai a ganina, motar gida mai AWD kada a bari bambancin zanenta ya kai milimita 2. Babbar mai ja da huɗu kullum kada ya wuce 3. Mai giyar taimako kuwa abin da ya fi muhimmanci shi ne tayoyi biyun da ke aksul ɗaya su yi daidai.

To me za a saya?

In sauran ukun ba su yi nisa ba, awo ya nuna suna cikin iyaka, sayi ɗaya tak, amma irinsu sak: kamfani, samfuri, lamba, har da abin da ke bin lambar, kamar 112S, wanda ke nufin tana ɗaukar kilo 1,120 kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Kada a ce maka 265/70 R17 za ta zauna a gurbin 265/65 R17 don rim ɗaya suke hawa. Ta fi ta tsayi da sama da milimita 26, ya fi abin da suɗewa ke kawowa nesa ba kusa ba.

In sun ci rabi, mai Hilux da ire-irenta ya sayi biyu ya sa su a aksul ɗaya, mai lafiyar da aka cire ta koma safaya. Mai Prado ma haka, muddin bambancin gaba da baya bai wuce iyaka ba. Mai CR-V ko Subaru ko Murano kuwa, gaskiya mai ɗaci ita ce huɗu ne maganinsa, ko kuma ya bi hanyar da zan faɗa nan gaba. A Amurka akwai shagunan da ke da injin aske sabuwar taya har ta sauko daidai da tsofaffin. Mutum ya biya kuɗi a rage wa sabon abu rai, amma ya tsirar da taransifa.

Wasu makanikai kan ba da shawarar a sa sababbi biyun a karkace, ɗaya gaba dama, ɗaya baya hagu. Akwai hankali a ciki, domin tsakiyar motar matsakaicin gudun kowane aksul take gani, a haka kuwa gaba da baya sun zo ɗaya. Amma an kwashe aikin ne an ɗora wa difarensha biyu, kuma ranar da ka taka birki cikin ruwan sama kowane aksul yana da ƙafa mai riƙo da marar riƙo. Ban yarda da shi ba sai don a kai gida. Haka nan rage wa sabuwa iska don ta gajarta, ko ƙara wa tsohuwa don ta kumbura: taya mai ƙarancin iska zafi take tarawa, zafi kuwa shi ke raba roba da waya.

Gaba ko baya

Nan ne ake gardama a kowane gindin bishiyar mai faci. Al'adarmu sababbi a gaba, wai in ta gaba ta fashe sitiyari zai ƙwace. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin da Continental akasin haka suke cewa: sababbi a baya. Dalilin damina ne. In ƙafar gaba ta rasa riƙo a kan ruwa, direba yana ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa daga totur motar ta dawo. In ta baya ce ta rasa, bayan motar ne zai zagayo ba sallama, doguwar mota mai tsayi kuwa da ta juya gefe sai kifewa. Fashewar ta baya ma ba wasa ba ce. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 bayan jerin haɗurran Ford Explorer, inda zanen taya ke ɓallewa, galibi a ƙafar baya kuma a wurare masu zafi, motar ta wuntsila. Tayar da kake tsoron sa wa a gaba don kada ta fashe, ba ta cancanci baya ba ma.

'Yar Baljiyam da safaya

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kusan duk tayar da ke kan titin Najeriya daga waje take zuwa. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, waɗanda ake kira 'yan Baljiyam, suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma kowa ya san kasuwa cike take da su. Araha ba ta ado, kuma ba na ba kowa shawarar ya cika motarsa da su. Sai dai akwai wuri ɗaya da tsohuwar taya ke da hujja: mai AWD da ya rasa ɗaya, sauran suna da milimita 5, aljihu kuma bai kai na huɗu ba. A wurinsa taya irin tasa sak mai milimita 5 ta fi sabuwa fil dacewa, in ta tsallake bincike.

Binciken ga shi. Nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar, ka bi har lambobi huɗun ƙarshe da ke cikin ɗan zagaye: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana wa'azin shekara huɗu daga ranar ƙira. Michelin tana cewa a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. Duba ko an kankare lambar an sake bugawa. Sa a juya maka cikinta a hasken rana, ka shafa da hannu: faci a gefe, ƙulu, ko waya da ta leƙo, duk a ajiye ta. Duba bakin da ke kama rim, domin masu shigo da taya sukan cusa biyu ko uku cikin ɗaya don su rage kuɗin kwantena, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta daɗe tana kamawa, kuma cusawar tana karya wayar bakin. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, mai laushin roba kuma da 'yan tsage-tsage sirara a kan zanen, tayar hunturun Turai ce. A zafin Sakkwato ko Maiduguri da wuri take cinyewa, daidaiton da ka sha wahalar nema ya tafi cikin 'yan watanni.

Safaya kuma iri biyu ce. 'Yar siririyar da ke zuwa a wasu motocin gida ta kai ka wurin mai faci ce kawai, iskarta 60 a geji, gudunta kada ya wuce kilomita 80 a awa. Cikakkiyar da ke rataye a bayan Prado ko ƙarƙashin Hilux kuwa dukiya ce da yawancinmu ke bari rana da ƙura su cinye. Shekara biyar tana rataye da zanenta cif, ranar da aka sauko da ita ta fi sauran tsayi, ga tsufa ya tsattsaga ta.

Maganin wannan duka a juya tayoyi tun suna sababbi, kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000. Mafi sauƙi ka haɗa shi da juyen baƙin mai don kada ka manta. In safayarka irinsu ce har rim, sa ta cikin zagayen su zama biyar: ita ta shiga baya, ɗaya daga cikin huɗun ta fita ta huta, a bi tsari ɗaya kowane karo. Masu kibiya a gefe, waɗanda aka yi su juya ta fuska ɗaya, gaba da baya kawai suke musanya a gefensu. A haka duka biyar ɗin suna cinyewa tare, ranar da ɗaya ta tsage kana da huɗu masu girma ɗaya a hannu, sabuwar da za ka saya ta hau bayan mota ta jira. Masu shiga rairayi, irin direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku, sukan rage iska don taya ta baje. In za ka yi haka rage wa huɗun daidai, ka mayar da zarar ka hau ƙasa mai tauri.

In kuwa ka riga ka yi watanni da tayoyi a haɗe, je fili ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali ta dama, ka sake ta hagu, gilasai a sauke. Gurnani daga baya, ko motar ta riƙa turjewa kamar an riƙe mata birki, ko warin ƙonannen mai bayan doguwar tafiya, alamu ne cewa tsakiyar ta fara ji. A CR-V sau da yawa juye man difarensha ta baya da ainihin wanda Honda ta yi mata yana kashe gurnanin. Amma daidaita tayoyin tukuna. In ba haka ba sabon man ma ƙonewa zai yi.